Sarƙar da Na'Allah Ya Ɗaura a Baibai

Damina biyu ke nan gero yana ƙonewa a Tozai tun bai kai gwiwa ba. Na'Allah ya kasa zama wuri ɗaya. Ya aro injin yankan itace wurin wani ɗan kasuwa, ya nufi gawon da ke tsakiyar gonarsa da niyyar kayar da shi ya sayar da itacen.

Ya ɗaura sarƙa, ya gauraya fetur da baƙin mai, ya finciki igiya. Inji ya ɗauka. Ya danna shi a gindin gawon, amma sai hayaƙi da ƙauri, ko ɓawo bai ci ba. Ashe garin sauri ya ɗaura sarƙar a baibai, haƙoranta na kallon baya.

Ya yi tsaki, ya durƙusa yana kwancewa. Kafin ya gyara, awakin unguwa sun cika gonar, duk haƙarƙari a waje. Fari ya koya musu cewa ƙarar inji na nufin reshe zai faɗo da ganye. Suka kewaye gawon, kowace ta ɗaga kai.

Matarsa Safiyatu ta biyo nasu awakin tana haki. Ta dubi injin, ta dubi itacen.

"Malam, kada shi mana," in ji ta. "Yau kam za su ƙoshi."

Sarƙa ta zauna daidai. Na'Allah ya kama igiya.

"Gobe in sun ji ƙara suka sheƙo ba gawon, kai za ka yi musu bayani," in ji Safiyatu.

Hannunsa ya tsaya a kan igiyar.