Rakiyar Indo

Zuwan Indo gidana a Al Wakrah, nan ƙasar Larabawa, ya fara yawa, ita da kullum take kukan karatu ya hana ta sakat. Ƙanwar ƙawata ce, 'yar unguwarmu a Zariya, tana digiri na biyu, tana zaune can unguwar Madinat Khalifa. Ruwa ba ya tsami banza. Za ta zauna a falo, ta sha shayi, ta yi wasa da yara, maigidana Hambali na gefe ya kafa wa labarai ido, can sai ta danna waya ta kira mota. Kafin mu gama sauka daga bene direba ya iso, sai dai in ce ta gaida gida.

A Zariya ba haka ake sallamar baƙuwa ba. Mayafi za ki yafa ki taka mata, ku bi lungu, ki ce za ki juya, ta ce ƙara gaba kaɗan. Abin da ya kawo mutum, a hanya yake fitowa. To nan ina za ki taka? Daga ƙofarmu sai wurin ajiye motoci, daga nan sai titi mai faɗin filin idi, ga rana mai soya ƙwai. Wanda ya zana unguwar nan bai taɓa raka kowa ba, ko kuma ba a taɓa raka shi ba.

Ranar Alhamis da la'asar, da ta ɗauko wayar, na karɓe. Na ce yau jirgin ƙasa za ta hau, kuma ƙafata ƙafarta. Hambali ya ce wace irin wahala ce wannan, ga mota har ƙofa. Na ce ya ji da labaransa.

A bas ɗin da ke kai mutane tasha waje ta yi ta kallo. A jirgi ma haka, muna zaune a ɓangaren iyali, tana kallon gidaje masu kama ɗaya suna wucewa. Har na fara jin kunya, na ce ko zargina ne ya yi yawa. Na ja mata hirar tsadar tumatir, ta amsa da ka.

Sai da jirgin ya nutsa ƙarƙashin ƙasa, tagar ta yi duhu, sannan ta matso.

"Anti Khairiyya, an ga ƙullutu a ƙirjina. Ranar Lahadi likitoci za su ɗebi nama su gwada. Ban gaya wa Umma ba."

Na ji tsoro, na kuma ji haushin kaina, yarinya ta yi ta ɗauko maganar nan daga wancan gefen gari tana mayar da ita. Na riƙe hannunta, ya yi sanyi. Ta yi kuka kaɗan, marar sauti, sannan ta ba ni labarin tun daga farko, tasha na bin tasha.

Da muka sauka ta goge fuska, ta nuna mini ɗaya gefen, inda jirgin komawa yake tsayawa.

"Anti, ki juya haka nan, kin yi nisa."

Na kira Hambali na ce ya ɗora wa yara shinkafa, kuma ya koyi inda gishiri yake, don ni ina wurin Indo sai bayan Lahadi.