Kifin da Yaya Ya Kawo

Auta ce ta kawo akwatin gilashin, wata huɗu bayan ɓarin jikin mahaifinta ya shanye. Ma'aikaciyar jinya ce, kuma tana cikin mutanen nan da ba sa neman shawara sai sun gama aikata abu. Ta ɗora shi a kan tebur daura da kujerar da mahaifin nata, wanda ake kira Kafinta, yake wuni a kai, ta zuba tsakuwa, ta dasa 'yan ciyayi, ta cika shi da ruwa lita sittin, ta jona injin tacewa. Sannan ta ce ba za a sa kifi ba sai an yi wata guda.

"To ruwa za mu zauna muna kallo?" in ji Mama.

"Sai ruwan ya nuna, Mama. Haka mai shagon kifin ta ce."

"Ikon Allah. Na rayu na ga ruwa mai nuna."

Da watan ya cika, Auta ta ja uwarta zuwa shagon. Mai shagon wata doguwar mace ce mai jiƙaƙƙen hannun riga, ba ta da fara'a, ba ta kuma da ƙarya. Mama ta nuna wani ja mai jela kamar mayafi, matar ta ce a'a. Ta nuna wani mai zanen damisa, ta ce wannan cizon jelar 'yan'uwansa yake yi. Mama ta fara ƙuluwa, don ita dai a saninta mai saye shi ke zaɓe.

"Mama, ba kyau ake fara dubawa ba," in ji matar. "Abu uku ne. Girman da zai kai, ba wanda yake da shi yau ba. Sannan halinsa. Sannan bakinsa. Kifi ba shi da mugunta, amma duk abin da ya shiga bakinsa abinci ne, ko da maƙwabcinsa ne."

A ƙarshe suka dawo da takwas 'yan mitsi-mitsi masu layin shuɗi da ja, waɗanda ba sa yawo sai a garke. Bayan mako biyu aka ƙara biyar masu gashin baki da ke kiwo a ƙasa. Matar ta ce akwatin ya cika ke nan, ko da ido yana ganin fili. Filin ba na ajiye wani ba ne, na numfashi ne.

Mama ba ta ɗauka abin zai yi wani amfani ba. Mijinta ya shekara arba'in yana ba itace umarni yana bi, ga shi yanzu harshensa ma ya ƙi bin sa. Matar da ke zuwa koya masa magana ta yi ta nuna masa hotuna, shi kuwa sai ya juya mata ƙeya. Amma ran da ta ce ya ƙirga mata masu layin shuɗin, sai ya tsaya yana bin su da ido, ya ce "ɗaya" da ƙyar, kamar mai zare ƙusa daga katako. A mako na shida ya kai takwas. Daga nan ya zama aikinsa na kowace safiya: ya ƙirga su, sannan ya tsinci abincinsu da yatsun hannun da ya shanye, ya barbaɗa. Rabin abincin a tebur yake zubewa, Mama ta share ba ta cewa komai. Murnar da ta yi ba ta misaltuwa, sai dai ba ta nuna ba, don ta san halin mutuminta, in ka yabe shi ya daina.

Akwai kuma babban ɗansu, wanda ƙannensa ke kira Yaya. Shekara bakwai rabonsa da gidan. Ya bar shagon kafinta ne ya koma sayar da tayoyin mota, uban ya faɗa masa magana a gaban ma'aikata, irin wadda ba ta komawa baki. Shi ma ya mayar da tasa, ya kama gabansa. Da ciwon ya zo, ya je asibiti sau ɗaya, ya tsaya a bakin ƙofa, ya koma. Mama takan kira shi a waya, ya gaishe ta, ya tambayi jikin Baba, shi ke nan.

Sai ga shi ran wata Asabar da hantsi, ya yi sallama, riƙe da ledar ruwa ɗaurarriya.

"Auta ta ce Baba ya zama makiyayi," ya ce, yana dariyar da ba ta kai ciki ba. "Na ce ai waɗancan ba kifi ba ne, ƙwari ne. Ga kifi."

A cikin ledar wani baƙi ne mai ɗigon ruwan lemo, tsawonsa bai wuce ɗan yatsa ba, da manyan idanu. A bakin titi ya saye shi, wurin wani mai sayar da tsuntsaye. Mama ta dubi bakin kifin, maganar mai shago ta faɗo mata a rai. Ta dubi ɗanta, ta dubi mijinta da ya kafe shi da ido. Wace uwa ce za ta ce a mayar da kyautar da aka shekara bakwai ana jira? Ta haɗiye maganarta, ta ɗauko almakashi ta yanke bakin ledar da kanta.

Yaya ya zauna minti ashirin. Ya yi maganar tsadar tayoyi da cunkoson hanya, uban yana saurare. Da zai tafi ya ce zai leƙo ya ga yadda kifinsa yake. Ya kuwa leƙo Asabar ta gaba, da wadda ta biyo ta. Kifin ya ba shi dalilin zuwa, da abin kallo in magana ta ƙare.

Kifin kuma ba shi da laifi a ido. Yana gane mutum, yana zuwa gaban gilashi yana rawa in an matso. Ci kuwa sai ka rantse an aiko shi ne.

Ran Talata ta mako na huɗu da zuwan baƙin kifin, Kafinta ya ƙirga ya tsaya a bakwai. Ya sake, bakwai. Mama ta ce wataƙila ɗaya ya ɓuya a ciyawa. Ta duba ciyawar, ta duba bayan injin, ta duba ƙasan tebur, ko ƙashi babu. Ran Juma'a suka zama shida. Ruwan ma ya fara dushewa, masu gashin bakin suka shige ƙarƙashin dutse ba sa fitowa sai yunwa ta kore su. Kafinta ya ƙirga shida, bai taɓa abincin ba.

Ran Litinin Mama ta ɗauki hoton baƙin kifin a waya ta nufi shagon ita kaɗai. Matar ta kalla sau ɗaya ta miƙo mata wayar.

"Irin wannan Oska ake ce masa. Wa ya haɗa ki da shi?"

"Kyauta ce."

"To kyautar za ta kai tsawon tafin hannunki da rabi. Ƙananan nan duk zai cinye su, ɗaya bayan ɗaya. Masu gashin bakin kuma in ya haɗiyi ɗaya ƙaya ta maƙale masa, ki rasa biyu. Ba a haɗa su, Mama, ko a mafarki."

"In na riƙa ƙosar da shi fa?"

"Ruwanki ya lalace, kuma ya ci su bayan ya ƙoshi."

"In aka raba akwatin da gilashi?"

"Lita sittin? Shi kaɗai ma wata biyar ko shida zai yi a ciki, sai an nemo masa babba. Ki zaɓi ɗaya. Ki kawo mini shi in nema masa gida, ko ki kawo su."

A hanyar komawa Mama ta yi ta juya abin, gaba kura baya sayaki. In ta ce wa Yaya kifinsa ba ya zama da sauran, ta san abin da kunnensa zai ji, don ita ta haife shi: an sake cewa shi ne bai dace da gidan ba. In ta yi shiru, nan da mako biyu mijinta ba shi da abin ƙirgawa. Auta da aka gaya mata a waya cewa ta yi, "Ki fitar da dodon nan yau, Mama. In ya yi fushi ya sha ruwa." Auta ba ta taɓa zaman jiran waya shekara bakwai ba, shi ya sa maganar ta zo mata da sauƙi.

Kafin ta isa gida ta yanke shawara. Za ta kai kifin shago, ran Asabar ta ce wa Yaya kifin ya mutu. Kifi dai yana mutuwa, ba wanda zai ɗora wa wani laifi. Ƙarya ce, ta sani, kuma ta yarda ta ɗauki nauyinta.

Washegari da safe ta ɗebi ruwan akwatin a bokiti, ta ɗauko ɗan ragar kamu. Ta yi zaton mijinta yana gyangyaɗi. Kifin da ya ga hannu ya taho da rawarsa, shi a tunaninsa abinci ne, bai ko yi gardama ba ya faɗa ragar. Tana ɗaga shi sai ta ji an buga hannun kujera da ƙarfi.

"A'a."

Ta juya. Idonsa biyu, ashe tun ɗazu yake kallon ta.

"Malam, shi ne yake cinye su. Na je na tambaya. Ba za su zauna tare ba."

Ya gyaɗa kai. Wato ya sani. Mutumin da yake wuni a gaban gilashin, ai ya riga ta gani da idonsa. Ya ɗaga lafiyayyen hannunsa ya nuna kifin da ke mutsu-mutsu a raga, ya nuna akwatin. Sannan ya nuna 'yan shuɗin da suka taru a kusurwa, ya nuna bokiti.

"Su zan kwashe?"

Ya gyaɗa kai.

"Malam, naka ne fa. Su suka buɗe maka baki."

Ya kawar da fuska ya dubi bango, yadda yake yi tun suna da ƙuruciya in ya gama magana. Mama ta tsaya da raga a hannu, ruwa yana ɗiga a kan ƙafarta. Haushi ya kama ta, na ɗan da ya sayi kifi ba tambaya, da na uban da bai taɓa iya cewa "na yi kuskure" da lafiyayyen harshe ba, sai yanzu zai biya da abin da ya fi so. Ta mayar da baƙin cikin ruwa.

Kama ƙananan ya ɗauke ta kusan awa guda, don suna da gudu, ita kuma bayanta ba na sunkuyo ba ne. Ta tumɓuke rabin ciyayin kafin ta gama. Shida masu layi, biyar masu gashin baki. Ta rufe bokitin da tawul ta kai shago. Matar ta leƙa, ta dubi Mama. Ta ce dai a riƙa canja kashi ɗaya cikin uku na ruwan sau biyu a mako, kuma a fara tunanin babban akwati.

Kwanakin da suka biyo baya gidan ya yi tsit. Kafinta yana ba kifin abinci, amma babu sauran ƙirga. Sai dai in Mama tana kicin takan ji shi yana ƙunƙuni shi kaɗai, abu guda yake maimaitawa, ya tsaya, ya sake. In ta shigo ya yi gum. Ta ɗauka mita yake yi, ta ƙyale shi.

Ran Asabar Yaya ya zo. Ya gaishe su, ya durƙusa a gaban gilashin, kifin ya taho yana rawa.

"Kai, ɗan nan ya ƙara ƙiba! Af, ina 'yan ƙananan?"

Mama ta riga ta shirya amsa uku, ba ta gamsu da ko ɗaya ba. Ta ja numfashi. Kafin ta furta, mijinta ya gyara zama.

"Na gaji da su," ya ce. "Wannan ya ishe ni."

Kalmomin sun fito a jere, da nauyi amma a sarari, ba wadda ta maƙale. Tun da ciwon ya same shi bai taɓa haɗa kalma uku ba. Nan take Mama ta gane abin da ya kwashe kwanaki yana maimaitawa, ƙaryar da zai yi wa ɗansa ce yake koyo.

Yaya ya juyo a durƙushe, baki buɗe. Ya dubi ubansa kamar yau ya fara ganin sa, idanunsa suka kawo ruwa, ya yi sauri ya mayar da abin wasa.

"Mama, kin ji? Kin ji Baba? Wata nawa ana fama da ƙwarin can! Kifina wata guda kawai ya yi. Ko ba kifina ba ne?"

Mama ta ji kamar ta kwaɗa masa ragar a ka, ta kuma ji kamar ta rungume shi. Ta dubi mijinta. Shi kuwa ya ƙura mata ido, yana jira ya ji abin da za ta ce.

"Kifinka ne," ta ce. "Tashi daga ƙasa ka jawo kujera kusa da babanka."

Ya jawo kujerar ya zauna. Har aka yi la'asar bai duba agogo ba.