Kwano Biyu, Mutum Uku

A unguwarmu ta Hakata, a ƙasar Japan, ana cewa Shigeo Kurihara ba ya iya wuce mutum bai tsaya ba. Mai kifi ya ce gaisuwarsa ta fi wa'azi tsawo. Matarsa Fumie, wadda yayata ce, ta ce ta auri mutum ne da garin gaba ɗaya.

Ranar Asabar mu uku muka je shagon ramen, wato taliya cikin romo, na bayan tashar jirgin ƙasa, mai kujeru tara. Wata huɗu Yaya tana cin abinci ba gishiri, sai makon nan likita ya sassauta mata, kuma romon shagon nan kaɗai take ambato. Dokarsu a rubuce take a ƙofa: ba a riƙe wa kowa wuri, wanda ya bar layi ya koma baya. In romo ya ƙare, an tashi.

Mun yi awa guda a tsaye, saura mutum huɗu a gabanmu, sai Shigeo ya hango wani tsohon abokin aikinsa a tsallaken titi.

"Minti biyu," ya ce.

"Tsoho, kada ka soma," in ji Yaya.

Ya riga ya tsallaka.

Da muka iso ƙofa, matar mai shago ta ɗaga labule. "Ku nawa ne?"

"Uku."

"Biyu nake gani. Ku shigo, ko ku koma baya ku jira shi."

Yaya ta leƙa tukunyar da ke tururi, ta haɗiye yawu, ta ja hannuna muka koma ƙarshen layi.

Shigeo ya dawo yana murmushi. "Kun san 'yarsa ta haihu? Af, me kuke yi a nan?"

"Iska muke sha, mai gari," na ce.

Ya ce dokar ce ba ta da kai. Ya ce ai ya san kawun mai shagon. Yaya ta jingina da bango tana sauya ƙafa.

Wajen ƙarfe biyu matar ta fito tana ƙirga kawuna da yatsa. A kanmu ta tsaya.

"Kwano biyu ya rage."

Na buɗe baki zan ce na haƙura, Shigeo ya riga ni. Ya cire hularsa, ya ja da baya, ya sunkuyar da kai a gaban mutane.

"Ku shiga ku biyu. Fumie, ni na ja miki. Ki yi haƙuri."