Jan Fenti a Kurmin Rawayau

Shekarar da aka ce gwamnati za ta killace daji a ƙasar Dutsin-Ma, kuɗin da Kaduna ta turo wayar shingen wuri guda kawai za su saya. Wurare kuwa biyu ne, dajin Shema da kurmin Rawayau. Ƙa'idar da aka ba Tomas, malamin daji, ba ta da wuya: ya ƙirga irin itatuwan kowanne, wanda ya fi yawan irin da babu a sauran gandaye shi zai ci waya.

Tomas baƙo ne, aiki ya kawo shi, amma kurmin nan ya shiga ransa. Maɗaci, kanya, ƙirya, har da wasu da sai ya tambayi tsofaffi sunansu. Don kada ya ƙirga itace sau biyu, duk wanda ya duba sai ya shafa masa jan fenti. Dabara ce, ba laifi, shi ma ya yaba wa kansa.

Rawayau ta ci. Sai dai waya irin ta gwamnati ba ta san sauri ba, sai da damina ta wuce ta iso.

Tun daga nesa Tomas ya ga sarari inda ya bar duhu. Ya sauka daga motar waya. Kututture ne ko'ina, ga Lado masassaƙi zaune kan gungumen maɗaci yana fafe turmi. Lado ya miƙe ya gaishe shi da murna, har da godiya. Ya ce tun zamanin ubansa, itacen da malamin daji ya sa wa ja an sallama shi ke nan, shi ya sa ba su taɓa ko ɗaya marar fenti ba.

"Malam, ba kai ka sa muna alama da hannunka ba?"

Tomas ya rasa wanda zai yi wa faɗa. Ya koma ofis ya roƙi a kai wayar Shema tun itatuwanta na tsaye. Mai gidansa ya saurare shi da tausayi, sannan ya ce Rawayau ce Kaduna ta amince da ita, ba mai ikon canzawa.

Haka Tomas ya tsaya leburori suka zagaye kututturan da waya, suka ja ta tam. A hanyarsu ta komawa suka yi ta kauce wa jakuna, niƙi-niƙi da itace daga Shema.