Mata Arba'in Marasa Kunya

Ni ɗan Gaya ne amma ban iya ruwa ba, a garin da ko akuya ta san yadda ake zama cikin kwalekwale. Sunana Cha'ibu. Na bar lakkal, wato makarantar boko, a aji biyu na kwaleji, na yi kabu-kabu, na yi dakon albasa zuwa Malanbil, na koyi gyaran waya sati uku har na kashe guda biyu. Abin da ya rage mini na boko shi ne kyan rubutu. Don haka da masu bincike suka zo daga Yamai neman samarin da za su yi musu anketi, wato bin gida-gida da tambayoyi ana cika takarda, ban sha wuya ba aka ɗauke ni.

Binciken na tsargiya ne, ciwon da ke sa yara fitsarin jini. Shugabar aikin, Madam Samira, gajeriyar mace mai tabarau, ta yi mana bayani: ƙauyen da aka samu ciwon za a kai masa magani bana, wanda ba a samu ba a tsallake shi. Ni aka ba Tungar Labo, tsibiri a tsakiyar kogi. Takarda arba'in, uwa arba'in.

Da safe na je bakin ruwa, kogi ya cika har yana cin gaɓa. Na tarar da mai fito yana kwarfe ruwa daga jirginsa da ƙoƙo, ya ce in shigo, yoyon kaɗan ne. Na ce ina zuwa. Na wuce rumfar Sallau mai shayi na shimfiɗa takarduna.

Takardar tana neman sunan uwa, yawan 'ya'yanta, sunayensu daga babba zuwa ƙarami, sannan ko akwai mai fitsarin jini. In an ce e, sai an ƙara cika shafi biyu. Don haka duk matan da na ƙirƙiro suka ce a'a. Kwana biyu ina haihuwa a rumfar nan. Da sunaye suka ƙare mini, duk direban da ya tsaya shan shayi sai in mai da shi jariri. Na canza bik ɗin rubutu sau uku, na yayyafa wa takardun ruwa, har na manna wa ɗaya ɓawon kifi.

Mataimakin Madam, Mushe Yacuba, wato Malam Yacuba da Faransanci, ya ɗaga takarduna gaban sauran samari ya ce su ga aiki, ko gurbi ɗaya ban bari ba.

Bayan kwana uku Madam ta kira ni. Ba ta yi maganar tsibiri ba, sai ta tambaye ni yadda innata take kiran babban yayana. Na ce Wancan take ce masa. Ta ce na taɓa jin sunansa a bakinta? Na yi dariya, na ce ai ɗan fari ne, ko gaban alƙali ba za ta faɗa ba.

Ta jawo takarduna ta buga su a tebur.

"To ga mata arba'in sun faɗa wa baƙon saurayi sunan ɗan farinsu, sun kuma ƙirga masa 'ya'yansu kamar buhunan shinkafa. Cha'ibu, ko dai ka gano tsibirin da kunya ta nutse, ko kuwa kai ne matan."

Na dubi takalmina na ce ni ne, Madam.

Mushe Yacuba ya sa baki. Ya ce an riga an zuba lissafin cikin na'ura, ana jiran rahoto a Yamai ran Juma'a, kuma ƙauye ɗaya cikin sittin ba zai sauya komai ba. A kore ni, a bar takardun. Madam ta ce ga ƙauye hamsin da tara ba zai sauya komai ba, gaskiya ne. Ta ce za ta rubuta cikin rahoton cewa an zubar da takarda arba'in da dalilin zubarwa, Yamai ta jira Litinin. Ni kuma gobe mu haye tare.

A nan ne na faɗi sirrina, cewa ban iya ruwa ba. Ba ta yi dariya ba. Washegari ta zo da bido biyu, wato jarkokin mai, babu komai ciki, ta sa aka ɗaura mini su a ƙirji da baya. Haka na haye kogi, idona rufe, ina karanta duk surar da na tuna, mai fito yana tambaya ko ni ne kayan da za a sauke.

Mace ta farko Bibata ce, tana ƙyafe kifi. Na tambaye ta sunan babban ɗanta, ta dube ni kamar na tuɓe gabanta, ta ƙwala wa maƙwabciya kira ta zo ta faɗa. Na tambayi yawan 'ya'yanta, ta ce ai ba kaji ba ne, sai godiyar Allah. Da na zo kan fitsarin jini kuwa ba ta ɓoye komai ba.

"Ɗana, wane yaro ne ba ya yi a nan? Mu mun ɗauka girma ne yake zo musu."

Na cika ƙarin shafi biyun nan sau talatin da ɗaya, har yatsana ya yi kanta. Takardun sun fito da gurabe da gogewa, Mushe Yacuba ya ce bai taɓa ganin mummunan aiki irin wannan ba. Su aka kai Yamai.

Tungar Labo ta shiga jerin masu magani. Ba a sake ɗaukata anketi ba, na koma kabu-kabu. Yaran tsibirin in sun hayo cin kasuwa suka hange ni bisa mashin, Mai Bido suke kirana.