Ƙwan Katako

Ranar Talata macen akun ta yi ƙwai, wata biyu bayan rasuwar matarsa.

Shekara talatin ya yi yana kula da ɗakin karatu, don haka bai ga dalilin tambayar kowa a kan tsuntsu ba. Ƙananan aku ne masu tukku, mace da namiji, matarsa ta bar masa a keji ɗaya bakin tagar falo. Shekara shida namijin na tsefe wa macen kai, ita tana kwanci, ba a taɓa ƙyanƙyashe ko ɗaya ba. Shi dai ya daɗe da yanke hukunci: namijin fito kawai ya iya.

Ba shi da niyyar renon 'ya'yan kowa, sai ya ɗauke ƙwan ya zubar. Bayan kwana biyu ta yi wani, ya zubar. Da aka kai na tara, macen ta daina hawa sanda, ta takure a ƙasan keji, gashi a hargitse. Ya raba musu keji. Namijin ya yini yana ihu har maƙwabta suka buga ƙofa, ita kuma ta ƙi cin abinci.

A haka ƙanwar matarsa ta same shi, ta zo ɗaukar keken ɗinkin yayarta.

"Yaya, kashe ta za ka yi? Ina ƙwayayen?"

"Na zubar."

"Littattafai har rufi, babu wanda ya gaya maka in ka ɗauke sai ta sake yi?"

"Ba a kan kaji na yi karatu ba."

"Ai ga shi nan mun gani."

Ta jawo aljihun keken ta zazzage masa a hannu: ƙwai biyar na katako, farare. Yayarta ce ta fere su daga ƙafar tsohuwar kujera. Duk ƙwan da macen ta yi sai ta musanya, bayan ta ɗumama na katakon a tafin hannu don kada macen ta gane. Macen ta yi kwancinta sati uku, ta gaji ta tashi, jikinta ya huta.

"Me ya hana ta gaya mini?"

"Sau biyu ta fara. Ka tsaya gyara mata magana."

Ya mayar da tsuntsayen keji ɗaya, ya ɗumama ƙwan katako huɗu ya ajiye. Macen ta hau, ta daina yin ƙwai, ta koma cin abinci. Da sati uku ya cika ta haye sanda.

Na biyar ɗin yana aljihun rigarsa. Ya duba shi da gilashin karatu, bai sami ko sawun wuƙa ɗaya ba. Yanzu duk wanda ya shigo, har mai gyaran famfo, sai an ɗora masa a hannu.

"Juya shi da kyau. Matata ce ta fere."

Kowa ya gaya wa. Ita ce dai ta yi shekara talatin da huɗu a gabansa bai taɓa ce mata ba: "Ke, wallahi kin iya."