Daktan Ɓeraye

Shekarar da aka ƙaddamar da shari'a a Jigawa ce Maharazu ya dawo Taura daga Turai da digirin dakta. Kafin ya sauke jaka, mahaifinsa Malam Sharhabilu ya gama shaida wa majalisar ƙofar gida cewa gidansu ya yi likita. Maharazu ya ji, bai gyara maganar ba. Da wane baki zai gaya wa dattijon da ke kwana ɗana tarko a gindin rumbu cewa ɓeraye ya je kiwo?

Gaskiyar kuwa ke nan. Fararen ɓeraye ne a ɗakin bincike, kashi biyu. Wasu jikinsu na fitar da sinadarin da ke kai wa sojojin jini saƙo idan cuta ta shigo, wasu an haife su babu shi. Sai a ba su duka ƙwayar cuta 'yar'uwar taifot. Masu ɗan saƙon su sha fama su miƙe, marasa shi kuwa ƙwayar ta yi ta hayayyafa a hanta da saifa har ta kashe su. Wannan ya san shi kamar yunwar cikinsa. Amma bai taɓa duba mutum ba.

Ran nan Gwaggo Luba, ƙanwar mahaifinsa, ta shigo riƙe da 'yarta Adawiyya, mai goyo, wadda zazzaɓi ya ƙi saki.

"Dakta, ga ƙanwarka."

Matan gida suka zuba masa ido. Ya taɓa goshinta, ya yi gyaran murya, ya ce zazzaɓin sauro ne, a sayo magani a kemis.

Bayan 'yan kwanaki ya leƙa dubiya. Ya tarar da Adawiyya takure a kan tabarma, ta dunƙule, ido a lumshe, ga kunu a gefe ko kurɓa ba ta yi ba. Ya san wannan kwanciyar. Ɓeran da ya takure haka a keji, da safe gawarsa ake ɗaukewa.

Ya samu mahaifinsa a zaure, ya durƙusa.

"Baba, ni ba likitan mutane ba ne."

"To na mene ne?"

"Ɓeraye nake bincike a kansu. Adawiyya kuma sai an kai ta asibiti."

Malam Sharhabilu ya ajiye carbinsa. Sannan ya ce, "Da ka faɗa ran da ta zo, da ba mu kai yau ba. Tashi ka nemo mota."

A asibiti a Dutse aka ce taifot ce, har ta huda hanji, sai an yi aiki. Likitan, wani saurayi da bai kai Maharazu shekaru ba, ya ɗago a fusace.

"Wa ya ce a ba ta maganin zazzaɓin sauro?"

Maharazu ya buɗe baki, Gwaggo Luba ta riga shi.

"Mu ne, likita, da rashin sani."

Maharazu ya so ƙasa ta tsage ya shige. Da zaginsa ta yi a gaban jama'a, da ya fi masa sauƙi.

Adawiyya ta rayu, sai dai nononta ya ƙafe, aka ƙarasa rainon jaririyar da madarar shanu da koko. Maharazu ya yi zaman jinya har aka sallame su, shi ne ɗebo ruwa, shi ne bin layin magani. Gwaggo Luba ba ta taɓa tayar da maganar ba. Da ya samu aikin koyarwa ya bar Taura, duk zuwan da zai yi yakan je gaishe ta, amma daga bakin ƙofa yake tsugunawa, kansa a ƙasa.